Gidan attajirin Amstadam: me ya sa wannan littafi yake raba kan masu karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu takwas ne muke haɗuwa duk wata mu karanta littafi ɗaya. Wannan karon mun ɗauki The Miniaturist na Jessie Burton, wato mai ƙera ƙananan kaya, sai muka rabu gida biyu. Wasu sun ce ba su iya ajiye shi ba sai da suka ga ƙarshensa. Wasu kuma sun ce marubuciyar ta yaudare su, ta ja su har ƙarshe ba ta warware sirrin mai ƙera kayan ba, kuma mutanen cikin labarin tunaninsu na 'yan yau ne. Ni ina tsakiya. Tunda ka san tarihin Holan, wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba a kanku aka fara wannan rabuwa ba. Tun da littafin ya fito a Ingila a 2014 haka yake yi wa mutane. Shagunan littattafai na Waterstones sun zaɓe shi gwarzon littafinsu na wannan shekara, an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, BBC ta mayar da shi wasan talabijin a ƙarshen 2017, amma duk inda masu karatu suka zauna a kansa, ƙorafin nan biyu da ƙawayenki suka kawo su ne ke tasowa. Wanda bai karanta ba ya sani zan kwance labarin har ƙarshensa, domin gardamar tana kan ƙarshen ne, ba a iya raba ta da rufa-rufa.

Ga inda na tsaya. Masu cewa an saɓa musu alkawari sun faɗi gaskiya. Masu cewa mutanen ciki 'yan yau ne aka sa wa tufafin da, rabin maganarsu daidai ce, rabin kuma rashin sanin Holan ta wancan ƙarni ne ya kawo shi. Amma giɓin da ya fi damuna a littafin ba ku ambace shi ba, kuma ba kasafai nake jin an ambace shi ba. Zan zo kansa.

A tsakiyar Oktoba 1686 Nella Oortman, 'yar shekara 18 daga ƙauyen Assendelft, ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan mijinta Johannes Brandt a Herengracht, layin da manyan attajiran Amstadam suke zaune a bakin ruwa. Ango ba ya nan. Wadda ta tarbe ta 'yar'uwarsa ce, Marin, mai baƙaƙen kaya da kaifin harshe, wadda makullan gidan suke hannunta. Akwai baranya, Cornelia, akwai kuma Otto, baƙar fata da aka kamo daga Afirka ta Yamma, Johannes ya saye shi ya kawo shi gida yana aiki ba a matsayin bawa ba. Miji bai kusanci amaryarsa ba. Abin da ya ba ta kyautar aure kabad ne mai ɗakuna tara, kwaikwayon gidan da suke ciki. Ta aika wa wani mai ƙera ƙananan kaya ya yi mata abu uku, sai saƙo ya zo da ƙari: kujeru biyu irin na gidan sak, karnukan maigida biyu, da gadon jariri a gidan da ba a san da ciki ba. Daga nan kowane saƙo sai ya zo da abin da ba wanda ya isa ya sani. Cikin wata uku an kama Johannes da laifin luwaɗi, an ɗaura masa dutsen niƙa a wuya an jefa shi ruwa. Marin ta haifi 'ya mace, Thea, wadda Otto ne ubanta, ta rasu wajen jego. Nella ta zama ita ce mai gida.

Kabad ɗin nan gaskiya ne, na tsaya a gabansa a gidan tarihi na Rijksmuseum a Amstadam. Tsayinsa ya kai mita biyu da rabi, faɗinsa ya kusa mita biyu, har an ajiye 'yar matakala a gabansa don mai kallo ya hau ya leƙa ɗakunan sama. An lulluɓe jikinsa da ɓawon kunkurun teku, an yi masa ado da kuza. Mai shi sunanta Petronella Oortman, an haife ta a 1656, ta rasu a 1716, ta kuma auri wani Johannes Brandt a 1686. Iyakar abin da marubuciyar ta ɗauka ke nan: suna biyu, shekara ɗaya, da kabad. Petronella ta ainihi bazawara ce mai kimanin shekara 30 lokacin auren, mijinta ɗan kasuwar siliki ne a titin Warmoesstraat, sun haifi 'ya'ya, kuma ba kyauta aka ba ta ba, ita ta zauna tana haɗa kayan nan har wajen 1710. An ruwaito cewa ya ci mata gilda (kuɗin Holan na lokacin) 20,000 zuwa 30,000, kuɗin da zai sayi gida sukutum a bakin ruwa, a lokacin da mai sana'ar hannu yake samun kimanin gilda 300 a shekara.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan kabad ba kayan wasan yara ba ne. Duk wadda ta taɓa shiga ɗakin amarya ta ga jere, kwalla kan kwalla, fanteka da kumbo suna sheƙi, ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba, ta riga ta fahimci abin da Petronella take yi. Har a cikin kabad ɗin kicin biyu ne, ɗaya na girki, ɗaya na jeren tangaran don baƙi su gani. Akwai ɗakin wanki da guga a sama, akwai ɗakin mai jego a hawa na tsakiya. Mace ce take cewa ga gidana yadda ya kamata ya kasance, komai a wurinsa. Burton ta ga wannan a 2009 ta yi tambayar da ta dace: idan gidan gaskiya bai yi kama da jerensa ba fa? Duk ƙarfin littafin daga wannan tambaya yake, kuma waɗanda suka so shi a cikinku ita suka bi.

To amma ba da ita aka sayar musu da littafin ba. Sunan da ke bango na mai ƙera kayan ne, kuma babi bayan babi ana ɗora wa mai karatu tambaya ɗaya: wane ne wannan, ta yaya yake sanin abin da ke bayan ƙofa? A ƙarshe abin da aka samu kaɗan ne. Mace ce, sunanta ma Petronella, daga Bergen ta Norway ta fito, mahaifinta mai haɗa agogo ne, shi ya zo ya yi wa Nella ɗan bayani. Ita da Nella ba su taɓa zama sun yi magana ba. Ba a ce leƙen asiri take yi ba, ba a ce duba take yi ba. Wasu daga cikin abubuwan da ta sani mai kaifin ido zai iya tsinkayarsu, amma tabon ja da ya bayyana a kan ɗan karen kafin a kashe na gaskiyan ba ido ne ya gano shi ba.

Mu da muka tashi da tatsuniya mun san cewa mai sauraro ba ya ƙin abin mamaki. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, Gizo zai yi magana, ƙwarya za ta yi waƙa, ba yaron da zai ce ta yaya. An faɗa masa dokar wurin tun a bakin ƙofa. Burton kuwa ta shigar da mu da dokar tarihi: ga ranar wata, ga sunan titi, ga farashin kaya, har da jadawalin kuɗi da ma'anar kalmomin Holanci a ƙarshen littafi. Wanda aka yi wa wannan tarba yana da hakkin ya ɗauka cewa duk abin da ya faru a gidan yana da dalili irin na duniya. Sai aka shigo da gaibu ta taga, ba a rungume shi ba, ba a kuma kore shi ba. Masu kare littafin suna cewa da gangan ne, wai matar madubi ce kawai, tana nuna wa Nella abin da ke gaban idonta ta kasa gani. Na yarda wannan ce niyyar. Sai dai gwada wannan: cire mai ƙera kayan gaba ɗaya daga labarin. Za a kama Johannes, Marin za ta haihu, sukari zai yi fumfuna a sito, ba abin da zai canja. Wadda aka sa sunanta a bango bai kamata a iya cire ta haka ba tare da gini ya girgiza ba. Masu wasan talabijin ma sun ji wannan raunin, shi ya sa suka haɗa matan biyu ido da ido, abin da littafin bai yi ba. A nan ƙawayenki masu fushi sun ci gardama.

Zancen tunanin zamani kuwa sai an bi shi a hankali. Mutane da yawa idan sun ga Marin tana gardamar ciniki da ɗan'uwanta, ko Nella tana yin farashin sukari da masu alewa, sai su ce wannan ai ƙarya ce, mace a 1686? A Amstadam ba ƙarya ba ce. Kamfanin Gabashin Indiya na Holan, VOC, wanda aka kafa a 1602, ya kwashi mutum kusan miliyan ɗaya zuwa Asiya a tsawon ƙarni biyu, waɗanda suka dawo ba su kai rabi ba. Garuruwan bakin teku sun cika da matan da mazansu suka yi shekaru a ruwa ko suka tafi ke nan. Su ke riƙe shago, su ke karɓar bashi. A doka matar aure tana ƙarƙashin mijinta, amma akwai matsayin 'yar kasuwa da aka sani, wanda ke ba ta damar ƙulla ciniki da sunanta, bazawara kuma tana iya ci gaba da sana'ar mijinta. Rajistar aure ta birnin ta nuna cewa a wajen 1680 fiye da kashi 40 cikin 100 na amare suna sa hannu da sunansu, adadi mai yawa ƙwarai a Turai ta lokacin. Judith Leyster ta shiga ƙungiyar masu zane ta Haarlem tun 1633. Baƙi daga Ingila da Faransa sun sha rubuta mamakinsu kan yadda matan Holan suke riƙe lissafi.

Marin ita ce mafi kyawun abin da ke cikin littafin, kuma ita ce ta fi kowa zama 'yar zamaninta. Baƙar riga a waje, gashin dabba mai tsada a ciki. Tana hana a ci sukari a tebur saboda tsoron Allah, tana ɓoye alewar gyaɗar Turawa a ɗakinta. Ɗakin cike da taswirori da ƙwarangwal da kayan ƙasashen da ba za ta taɓa zuwa ba. Wannan ba munafuncin mutum ɗaya ba ne, ciwon gari ne gaba ɗaya. Tun 1578 mabiya Calvin, wani malamin Kiristoci 'yan Furotesta, ke riƙe da birnin, masu wa'azi suna tsoratar da attajirai cewa dukiya jarrabawa ce kuma ruwan da aka tare da ganuwa zai iya dawowa, attajiran kuwa suna jin wa'azin ranar Lahadi su koma kasuwa ranar Litinin. Ba su manta 1672 ba, shekarar da Faransa da Ingila suka far musu, jama'a suka yayyaga tsohon jagoran gwamnatin ƙasar Johan de Witt da ɗan'uwansa a kan titi a birnin Hague. Hatta hana sayar da biskit mai siffar mutum da kuka gani a labarin yana da tushe, an sha yin irin wannan doka a garuruwan Holan saboda ƙin duk abin da ya yi kama da gunki. Gari ne na a yi a ɓoye: 'yan Katolika suna ibada a cocin da wani attajiri ya gina a saman gidansa a wajen 1663, hukuma ta sani ta kau da kai. Yana nan har yau ana zuwa kallo.

Inda masu ƙorafi suka yi daidai shi ne Nella. Yarinya ce da ta tashi a ƙauye da karatun coci, aka koya mata cewa darajar mace aure da haihuwa. Ta buɗe ƙofar ofis ta ga mijinta da wani saurayi Bature ɗan Ingila, Jack Philips. Ta gigice, ta kwanta ciwo, wannan an rubuta shi da gaskiya. Amma cikin 'yan makonni ta zama mai kare shi, mai ƙaunarsa, tana magana a kan 'yancin mutum ya zama abin da yake so da kalmomin da ba su da gurbi a bakin 'yar Assendelft ta 1686. Ba na cewa ba zai yiwu mace ta tsaya wa irin wannan miji ba. Rufin asirin gida, tsoron talauci, tausayin wanda za a kashe, kowanne ya isa dalili, kuma da marubuciyar ta tsaya a kansu da ba wanda zai ce uffan. Matsalar ita ce zaman da muka gani tsakaninsu bai fi a ƙirga da yatsu ba, galibin lokacin yana tafiya ko yana kulle a ɗakin aikinsa. An ce mana ta so shi, ba a nuna mana inda son ya tsiro ba. Wata uku kaɗan ne ga tafiyar da aka ɗora mata.

Shi kansa hukuncin yana da gaskiya da gyara. Dokar Holan ta lokacin kisa ta tanada ga wannan laifi, nutsarwa a ruwa kuma tana cikin hanyoyin da aka yi amfani da su. Sai dai a ƙarni na 17 irin wannan shari'a ba ta da yawa, kuma an fi son a binne maganar, har suna kiransa laifin da ba a ambata. Babban farautar ta zo ne a 1730, ta faro daga Utrecht ta bazu ƙasar, aka kashe mutane da dama, har a ɗan ƙauyen Faan kaɗai aka yanke wa fiye da mutum 20 hukuncin kisa a 1731. Ba a soke dokar ba sai 1811, ƙarƙashin mulkin Faransa. Kotun da ke cikin littafin, mai 'yan kallo a bene da shaidu suna musayar magana a gaban jama'a, ta fi kama da kotun Ingila. A Amstadam tuhuma a rufe ake yin ta, gaban mai gabatar da ƙara da dattawan shari'a, kuma ba a yanke kisa sai wanda ake tuhuma ya amsa laifi da bakinsa, abin da ya sa ake azabtarwa. Abin da jama'a ke gani shi ne karanta hukunci a wani ɗakin marmara na gidan hukumar birni da ke dandalin Dam. Ban riƙe wannan a matsayin babban laifi ba, mai labari yana bukatar fage. Amma tunda kin tambayi tarihi, ga shi. Kuma tunda kuna zaɓar littafi tare, kyautatuwa ne duk wadda za ta ba wa wata shi ta gaya mata abin da ke ciki tun farko.

Yanzu ga abin da na ce ya fi damuna. Abin da ya rushe gidan Brandt sukari ne. Frans Meermans da matarsa Agnes sun ba Johannes dillancin sukarin da aka noma a gonarta ta Surinam da ke Kudancin Amurka, ya yi ta jan ƙafa, kaya suna lalacewa a sito, tsohuwar gaba ta haɗu da sabuwar hasara, Frans ya je ya ba da shaida. Wannan ginin labari ne mai kyau, kuma yana kan tarihi daram. A wajen 1660 matatun sukari a Amstadam sun kai kimanin 50. Holan ta karɓi Surinam daga Ingila a 1667, kuma daga 1683, shekara uku kacal kafin Nella ta ƙwanƙwasa ƙofa, birnin Amstadam da kansa ya mallaki kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da ke mulkin wurin. Wanda ya taɓa ganin ana matsar rake ana dafa mazarƙwaila ya san aikin wuta ne da gumi. A Surinam bayi ke yin sa, dare da rana lokacin girbi. Kamfanin Yammacin Indiya, wanda aka kafa a 1621, shi ke kawo su, hedikwatarsa a gaɓarmu kuwa ita ce ganuwar Elmina da ke Ghana ta yau, wadda 'yan Holan suka ƙwace daga Fotugal a 1637 suka riƙe har 1872. Jiragen Holan sun tsallaka da 'yan Afirka kimanin 600,000.

Abin bai tsaya a bakin teku ba. VOC tana sayo wuri, wato kuɗin da, daga tsibiran Maldives ta hanyar Silon (Sri Lanka ta yau), ta zuba shi a gindin jirgi don ya yi nauyi, a yi gwanjonsa a Amstadam, masu cinikin bayi su saya su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Kuɗin da kakanninmu suka ƙirga a kasuwar Kurmi, wani kasonsa ya kwana a irin siton da Nella ta shiga da fitila tana duba sukari.

A tsakiyar wannan duka marubuciyar ta ajiye mutum ɗaya da ya san farashin sukari a jikinsa, Otto, sannan ta hana shi baki. Muna ganin yadda ake kallonsa a titi, yadda mata ke son taɓa gashinsa, wannan an kama shi daidai. Amma me yake ji idan Agnes ta ɗaga dunƙulen sukari a tebur tana yabon gonarta? Yaya aka yi shi da Marin, wa ya fara, me ya sa a ransa game da ɗan da zai zo? Duk a bayan labule aka yi. Da ya soki Jack da wuƙa wajen kare gidan sai ya gudu, ya ɓace daga kusan rabin littafin na ƙarshe, ya dawo a shafukan ƙarshe don ya ɗauki jaririya. An yi amfani da shi wajen ba mai karatu mamaki, ba a ba shi ransa ba.

Kuma ba rashin kayan aiki ba ne. Otto ba shi kaɗai ba ne baƙar fata a Amstadam. Binciken da masanin tarihi Mark Ponte ya yi a rajistar aure da baftisma ta birnin ya nuna akwai 'yar al'umma ta baƙaƙen fata a kewayen titin Jodenbreestraat tun wajen 1630, matuƙan jirgi da sojoji da masu aikin gida, suna aurar juna, suna tsaya wa juna shaida. Shahararren mai zane Rembrandt ya zauna a wannan titi, a 1661 kuma ya zana wasu 'yan Afirka biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba a matsayin barorin kowa ba. Kundin dokokin birnin na 1644 ya ce duk wanda ke cikin Amstadam ɗa ne, babu bawa, alhali birnin yana cin ribar bauta a ƙetare. Mutumin da ke rayuwa a tsakanin waɗannan gaskiya biyu littafi guda ne shi kaɗai. A 1699 wata mai zanen ƙwari da tsirrai, Maria Sibylla Merian, ta tashi daga Amstadam tana da shekara 52 ta je Surinam, ta dawo ta rubuta cewa bayi mata a can suna shan 'ya'yan wata fure su zubar da ciki don kada su haifi bayi. Mace ta wancan zamani ta ji wannan ta rubuta. Littafin 2014 bai kai inda ta kai ba.

Zan yi masa adalci a nan. Lokacin da ya fito, Holan kanta ba ta gama buɗe wannan magana ba. Sai a 2019 gidan tarihin birnin Amstadam ya daina kiran ƙarni na 17 zamanin zinariya. Rijksmuseum ya yi baje kolin tarihin bauta a 2021, magajiyar gari Femke Halsema ta nemi gafara a madadin birnin a wannan shekara, firaministan lokacin Mark Rutte ya bi a Disamba 2022, Sarki Willem-Alexander kuma ranar 1 ga Yuli 2023, shekara 160 bayan soke bauta a Surinam. Burton ta sa sukari da Otto a tsakiyar gidan attajiri tun kafin wannan duka, ta kuma dawo da Otto da Thea a littafi na biyu da ta fitar a 2022, inda suka sami fili fiye da da. Ita ma ta ga giɓin ke nan.

Waɗanda suka kasa ajiye littafin ba su yi kuskure ba. Sanyin hunturu, warin ruwa, kyandir mai ƙauri, sawu a bayan ƙofa, kowa a gidan yana sauraron kowa: wannan duka yana shiga jiki, kuma rubuta labarin da aka yi kamar yanzu yake faruwa yana sa numfashi ya ɗauke. Littafin farko ne na marubuciyar, ƙwarewarta a gina ɗaki ta fi ƙwarewarta a rufe labari. Na lura cewa wanda ya shiga yana neman amsar wace ce mai ƙera kayan yakan fito da fushi, wanda kuma Marin ta kama shi tun babin farko yakan fito da hawaye. Ke da kike tsakiya, ina jin kin ji duka biyun ne.

Idan kun sake zama, ku ajiye mai ƙera kayan gefe, kun gama da ita. Ku buɗe wurin cin abincin da aka gayyaci Frans da Agnes, ku karanta shi da ƙarfi, sannan kowace ta faɗi inda Otto yake a wannan dare da abin da take jin yana tunani. Akwai zanen da Jacob Appel ya yi wa kabad ɗin Petronella a wajen 1710, yana rataye kusa da shi, ya nuna ɗakunan cike da 'yan tsana, iyayen gida da baƙi da barori. Duk sun ɓace a tsawon shekaru. Da na hau matakalar na leƙa, jariri guda ne ya rage.